Yadda Ake Gwada Tsirran Rage Gajiya Ba Tare da an Cutar da Adirinal Ba

Cikin 'yan shekarun nan kwalaben kafso masu sunaye irin su ashwagandha, rhodiola da ginseng sun yawaita a shagunan magani da shafukan masu talla a Facebook da WhatsApp da TikTok. Bayanin da ake raka su da shi kusan ɗaya ne: wai yawan damuwa ya gajiyar da wasu 'yan ƙulle biyu da ke saman ƙoda, waɗanda likitoci ke kira adirinal, wai shi ya sa kake tashi da kasala, kuma wai tsirran nan za su farfaɗo da su. Wanda ya yi wata da watanni yana fama da mutuwar jiki ba zai ƙi abin da aka ce zai taimake shi ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Sai dai a cikin bayanin nan akwai gaskiya, akwai ƙari, akwai kuma inda rai ke iya salwanta. Ga tsarin da nake ganin ya kamata a bi, tun daga ranar da mutum ya fara tunanin sayen irin wannan magani har ranar da zai ajiye shi. A bi matakan a jere, domin sayen kwalbar yana can kusa da ƙarshe.

Mataki na farko: san abin da ake cewa za a tallafa wa

Adirinal guda biyu ne, kowanne a saman ƙoda ɗaya, nauyinsa kamar giram 4 zuwa 6. Ɓangarensa na ciki ke fitar da adirinalin, sinadarin da ke sa zuciya bugawa da sauri idan mutum ya firgita. Na waje kuwa yana fitar da aldostiron, mai tsare gishiri da ruwa a jiki don kada jini ya sauka, da kuma kotisol, wanda a kansa ake duk wannan magana. Kotisol ke riƙe sukarin jini idan an daɗe ba a ci abinci ba, shi ke kwantar da kumburi, shi ne kuma ke sa jiki ya jure zazzaɓi mai zafi ko tiyata ko haɗari. Adirinal ba ya gaban kansa. Umarni daga ƙwaƙwalwa yake zuwa masa, ta hannun wani ɗan ƙulli da ke ƙasanta mai suna fituwitari. In kotisol ya yi yawa a jini sai ƙwaƙwalwa ta janye umarnin, in ya ragu ta ƙara. Kotisol yakan kai ƙololuwa da sassafe wajen lokacin tashi daga barci, daga nan ya yi ta sauka har tsakar dare. Riƙe maganar janye umarnin nan da kyau, za mu dawo kanta.

Ita kuwa cutar da masu talla ke kira "gajiyar adirinal", wani mutum ne mai suna James Wilson ya fito da sunanta a 1998, kuma ba likitan homon ba ne, wato likitan sinadaran da jiki ke fitarwa irin su kotisol. A 2016 wasu likitoci biyu 'yan Birazil, Flavio Cadegiani da Claudio Kater, suka tattara bincike 58 da aka yi a kan batun suka tace su, ba su sami hujjar cewa damuwa na gajiyar da adirinal har ya kasa aiki ba. Ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ma ba ta amince da ita a matsayin cuta ba.

Kada ka ɗauka ana cewa gajiyarka ƙarya ce. Gajiyar gaske ce, kuma tana da dalili. Abin da ake cewa shi ne in aka laƙaba mata sunan da ba nata ba, sai a daina neman ainihin dalilin. Adirinal yana da cututtukansa na haƙiƙa, kuma ganye ba ya maganinsu.

Mataki na biyu: duba jikinka, ko akwai alamar da ba ta jiran ganye

Cutar gazawar adirinal, likitan Landan Thomas Addison ne ya bayyana ta a 1855, kuma a zamaninsa tarin fuka ne babban abin da ke cinye ƙullen. A Turai yanzu yawanci garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙe su, amma a ƙasashen da tarin fuka bai kau ba, kamar namu, har yau yana cikin manyan dalilai. Saboda haka duk wanda ya taɓa jinyar tarin fuka, ko yake zaune da mai yinsa, ya ɗauki wannan mataki da muhimmanci.

Alamomin su ne gajiya mai ƙaruwa kullum, rama ba tare da dalili ba, rashin son abinci, tashin zuciya, jiri idan aka miƙe, kwaɗayin gishiri, da duhun fata. Duhun nan yana da wuyar ganewa a baƙar fata, don haka ba a fuska ake nemansa ba. Tsaya gaban madubi a hasken rana, ɗaga leɓenka ka dubi dasashi da cikin kunci da gefen harshe. Buɗe tafin hannu ka dubi zanensa, ka dubi gaɓoɓin yatsu da tsofaffin tabo. Da yawanmu an haife mu da dasashi mai duhu, wannan ba komai ba ne. Abin lura shi ne sabon canji, wurin da bara yake da haske bana ya yi baƙi.

In akwai na'urar awon jini a gida ko a kemis na kusa, yi wannan: kwanta minti 5 a auna, sannan ka miƙe tsaye a sake aunawa bayan minti 1 da bayan minti 3. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10, musamman in da jiri, rubuta lambobin ka kai wa likita.

'Yar'uwa, akwai taki ta musamman. In kin taɓa zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, bayan nan nono ya ƙi zuwa, al'ada ba ta dawo ba ko da an daɗe, gashin hammata da na gaba ya zube, ga sanyin jiki da kasala na shekaru, ki gaya wa likita duk wannan a haɗe. Zubar jinin kan lalata fituwitari, sai umarni ya daina isa ga adirinal. Ana kiran wannan ciwon Sheehan, mata da yawa kan yi shekaru da shi ana cewa wahalar raino ce, alhali yana da magani.

Wanda ke da waɗannan alamomi kuma ya kama amai ba ƙaƙƙautawa, ciwon ciki, rikicewar hankali ko suma, asibiti za a nufa da shi nan take. Abin da ke ceton rai a wannan hali allurar hydrocortisone ce, miligiram 100 ga babba, da ƙarin ruwa.

Mataki na uku: zazzage duk abin da kake sha da abin da kake shafawa

A nan zan daɗe, domin a ganina nan ne ainihin matsalar adirinal take a tsakaninmu. A duniya baki ɗaya, babu abin da ya kai magungunan sitiroyid kashe aikin adirinal, kuma a wurinmu ana samunsu a saukake ba tare da takardar likita ba.

Shimfiɗa tabarma ka juye jakar magani a kai: ƙwayoyi, ruwan magani, mayukan shafawa, garin gargajiya, har da wanda aka ƙulla maka a leda babu suna. Ɗauki kowanne ka karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalin. Sunayen da kake nema su ne dexamethasone, prednisolone, betamethasone, clobetasol, triamcinolone da hydrocortisone. Duk waɗannan kotisol ne na kanti, wasu sun ninka na jiki ƙarfi sau da yawa. Dexamethasone kaɗai ya fi prednisolone ƙarfi kusan sau bakwai, shi ya sa ƙwayar da ake raina wa ƙanƙanta take yin ɓarna mai yawa.

Ta ƙofofi huɗu suka fi shigowa. Akwai ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da amare ke sha don su ciko. Akwai mayukan bilicin, da yawansu da clobetasol ko betamethasone a ciki, kuma idan ana shafe jiki da su kullum, maganin yana ratsa fata ya shiga jini. Akwai haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da na sanyin ƙashi da ake ƙulla wa leburori da tsofaffi, da allurar ciwon gwiwa da ake maimaitawa. Ta huɗu ita ce ta ɓoye: maganin da aka ce na tsirrai ne zalla amma an barbaɗa masa sitiroyid don mai saye ya ji sauƙi da wuri ya dawo. Wannan ba a nan kaɗai ake yi ba. A 2022 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu magungunan ciwon gaɓɓai da ake tallatawa a matsayin na tsirrai, bayan an gano dexamethasone da diclofenac a cikinsu ba a rubuta ba. In wani gari ko jiƙo ya ɗauke maka ciwon shekaru cikin kwana biyu, ya buɗe maka ciki, fuska ta fara cika, ka yi zarginsa.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Ƙwaƙwalwa na ganin kotisol ya wadata a jini sai ta janye umarni, adirinal ya zauna babu aiki, a hankali ya shanye. Kamar gidan da kullum ake aiko wa tuwo daga maƙwabta ne, har murhunsu ya mutu, itace ya ƙare. Ranar da aka daina aikowa kwatsam, ranar za a kwana da yunwa. Shan abin da ya haura miligiram 5 na prednisolone kullum, ko kwatankwacinsa, na sama da mako 3 zuwa 4 ya isa ya jawo haka. A waje kuma alamun yawan sitiroyid ke bayyana: fuska ta kumbura ta yi zagaye, tumbi ya fito ƙafafu su sirance, faffaɗar nankarwa a ciki da cinya da hammata, fata ta yi laushi tana saurin ƙujewa, hawan jini, ciwon suga, raunin cinya har tashi daga tsugune ya gagara.

In ka sami ɗaya daga cikin sunayen nan a tabarmarka kuma ka daɗe kana amfani da shi, don Allah kada ka yanke shi rana ɗaya. Na san da zarar mutum ya ji wannan bayani abin da zuciya ke raya masa ke nan, amma yankewar ce ke kai mutane ga amai, faɗuwar jini, har mutuwa. Ɗauki kwalin ka kai wa likita, ka faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da ka yi kana sha ko shafawa, ba tare da jin kunya ba. Zai tsara maka ragewa kaɗan-kaɗan, kuma farfaɗowar adirinal kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. Babu tsiron da zai maye gurbin wannan tsari. Shi kuwa mai asma da likita ya ɗora a kan abin shaƙa, ko mai wata cuta da aka rubuta wa prednisolone, ya ci gaba da maganinsa yadda aka tsara masa.

Mataki na huɗu: yi gwajin da zai nuna inda gajiyar ta fito

Gwaje-gwajen farko sun fi kwalbar ashwagandha amfani. Nemi a duba yawan jini, zazzaɓin cizon sauro, sukari, lafiyar ƙoda tare da gishirin jini, lafiyar hanta da ciwon hanta nau'in B, sai tayiroyid, ƙullin da ke gaban wuya. In akwai tari na sama da mako 2, ko zufar dare da rama, a gwada majina. A duba HIV, mace kuma ta tabbatar ko akwai ciki. Faɗa wa likita in iyali na cewa kana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, haka nan in ka daina jin daɗin abubuwan da da kake so, kana yawan kuka ko tunanin mutuwa. Ciwon damuwa cuta ce mai magani, kuma sau da yawa da gajiya take fara bayyana.

In likita ya zargi adirinal, jinin kotisol tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe ake ɗiba, saboda lokacin ne ya kamata ya kasance a sama. In sakamakon bai fayyace ba, a manyan asibitoci ana yin allurar Synacthen mai kwaikwayon umarnin ƙwaƙwalwa, a sake ɗibar jini bayan minti 30 ko 60 a ga ko adirinal ya amsa. Gwajin yawu da wasu kamfanoni ke sayarwa ta intanet don gano "gajiyar adirinal" kuwa, kada ka ɓata kuɗinka.

Mataki na biyar: ba jiki mako huɗu na gyara

In gwaje-gwaje sun fito lafiya, dakata da saye tukuna. Babba na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, to ƙirga naka da gaskiya: wanda ya ajiye waya ƙarfe 1 na dare ya tashi Asuba bai samu ko biyar ba. Ja lokacin kwanciya baya, in da hali ka ɗan rintsa da rana na minti 20 zuwa 30. Goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari duk kafin ne a cikinsu, kuma rabin abin da ka sha yana nan a jini bayan kamar awa 5, don haka a tsayar da su daga Azahar. Ka karya da abin da zai riƙe ka, kamar ƙosai, wake, ƙwai ko fura da nono, ka yawaita zogale da alayyafo a miya. Ka yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 30, kwana 5 a mako. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Mataki na shida: zaɓi tsiro ɗaya tak

Rukunin tsirran da ake kira adaftojin, irin su ashwagandha, rhodiola da ginseng, daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet ya samo suna. Masanin guba Nikolai Lazarev ya fara amfani da shi a 1947, sannan Israel Brekhman ya zurfafa bincike a birnin Baladibostok, yana neman abin da zai ƙara wa jiki juriyar wahala ba tare da ya bugar ba. Su kansu tsirran sun girmi sunan da ɗaruruwan shekaru a likitancin Indiya da Sin. Abin da bincike ya nuna a kansu matsakaici ne: wasu na rage jin damuwa da kasala kaɗan a wasu mutane. Babu wanda aka tabbatar yana gina adirinal.

Ashwagandha ita ta fi samun bincike. Saiwarta ake amfani da ita, kuma gwaje-gwajen da aka yi, yawancinsu ƙanana kuma a Indiya, sun ba mutane miligiram 300 zuwa 600 na tataccen sinadarin saiwar a rana na kimanin mako 8. Waɗanda suka sha sun ba da rahoton raguwar damuwa da gyaruwar barci, kuma a da yawa daga gwaje-gwajen kotisol ɗinsu ya ɗan sauka. Lura da wannan: saukar da shi take yi. Wanda kotisol ɗinsa ya riga ya yi ƙasa, ba abin da yake nema ke nan ba. Ta fi dacewa da mai damuwar da ke hana shi barci. Illolinta na yau da kullum su ne gudawa, tashin zuciya da gyangyaɗi. Mai tsanani, ko da yake ba ta da yawa, ita ce taɓa hanta, wadda aka gani a ƙasashe daban-daban cikin makonnin farko zuwa wata uku da fara sha. Tana kuma iya ɗaga homon ɗin tayiroyid. A 2023 Denmak ta hana sayar da ita a matsayin ƙarin abinci. Mai ciki, mai neman ciki, mai shayarwa, mai ciwon hanta ko mai ɗauke da ƙwayar nau'in B, mai ciwon tayiroyid, mai cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, da mai shan maganin barci ko na farfaɗiya, duk su bar ta.

Rhodiola tsiron ƙasashen sanyi ne, irin su Saiberiya da arewacin Turai. Ta fi karkata ga farkar da jiki, don haka da safe ake sha, in aka sha da yamma takan hana barci. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ita a matsayin maganin gargajiya na ɗan lokaci don gajiyar damuwa, a miligiram 144 zuwa 400 a rana, tare da sharaɗin a ga likita in alamun sun wuce mako 2. Takan sa jiri ko bushewar baki. Mai shan maganin ciwon damuwa ko mai ciwon da ke sa hankali tashi sama ya sauko kada ya taɓa ta sai da izinin likitansa.

Ginseng na Koriya da Sin ana shansa miligiram 200 zuwa 400 a rana. Yana hana wasu barci, yana saukar da sukari, yana kuma rikita aikin warfarin, maganin tsinka jini. Tulsi na Indiya ɗan gidan su daddoya ne amma ba ita ba ce, kuma binciken da aka yi a kansa bai da yawa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne saiwar licorice, wadda Larabawa ke kira irƙus-sus, ake jiƙa ta a sha a Masar da maƙwabtanta musamman da azumi. A haɗin "tallafin adirinal" da yawa za ka same ta a ciki. Tana hana ƙoda kashe kotisol, sai jiki ya riƙe gishiri da ruwa ya zubar da fotasiyam, wani gishirin jini da zuciya ke buƙata. Sakamakon shi ne hawan jini, kumburin ƙafa, raunin gaɓɓai da rikicewar bugun zuciya. Masana a Turai sun ba da shawarar kada a wuce miligiram 100 na sinadarinta mai aiki a rana, kuma a 2020 wata mujallar likitanci ta Amurka ta buga labarin wani magini ɗan shekara 54 da zuciyarsa ta tsaya saboda yawan cin alewar da aka yi da ita. A al'ummar da hawan jini ya yi katutu, kuma da yawa ba su san suna da shi ba, shawarata ita ce a bar wannan saiwa gaba ɗaya.

Mataki na bakwai: karanta kwalbar kafin ka biya

Sayi wadda tsiro ɗaya ne a ciki, an rubuta sunansa na kimiyya, da ɓangaren da aka yi amfani da shi, da adadin miligiram a kowane kafso. Na ashwagandha Withania somnifera ne, na rhodiola Rhodiola rosea, na ginseng Panax ginseng. Duba ranar lalacewa da cikakken adireshin kamfani. A Nijeriya duba lambar NAFDAC, amma ka sani rajistar maganin tsirrai ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta. Tambarin USP ko NSF a kan na waje yana nuna wani ɓangare na daban ya duba abin da ke ciki.

Guji duk kwalbar da ke ɗauke da tsirrai goma a haɗe ba a faɗi adadin kowanne ba, da duk wadda aka ce an sa garin adirinal na saniya ko na wata dabba. A 2018 mujallar Mayo Clinic Proceedings ta buga binciken da aka yi wa irin waɗannan kayan "tallafin adirinal" guda 12 da ake sayarwa a Amurka: dukkansu an sami homon ɗin tayiroyid a ciki, yawancinsu kuma da aƙalla sitiroyid ɗaya, ba tare da an rubuta ba. Wato abin da aka saya don a taimaki adirinal yana iya zama abin da zai kwantar da shi. Garin da aka auno a leda ko kafso marar kwali, komai amincin mai sayarwa, ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki.

Kafin ka buɗe, nuna wa likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna kwalbar tare da duk magungunan da kake sha, musamman na suga, na hawan jini, na tsinka jini da na HIV.

Mataki na takwas: gwada da lissafi, ka kuma sa ranar tsayawa

Samu ɗan littafi. Mako guda kafin ka fara, kowace safiya rubuta awa nawa ka yi barci, ka ba ƙarfin jikinka maki daga 1 zuwa 10, haka ma damuwarka. In kana da na'ura ƙara da awon jini sau biyu a mako, mai suga kuma ya ƙara da awon sukari. In ba a rubuta ba, bayan wata biyu ba za ka iya tuna yadda kake a farko ba, kuma wanda ya kashe kuɗi a kan magani zuciyarsa kan so ta ga ya yi aiki.

Fara da mafi ƙarancin adadi, misali miligiram 300 na ashwagandha bayan abincin dare, ko kafso ɗaya na rhodiola da safe. Kada ka fara wani sabon magani ko jiƙo a lokaci guda, don in wani abu ya faru ka san mai laifi. In mako 2 ya wuce lafiya kuma kana ganin buƙata, kana iya ƙarawa zuwa iyakar da aka ambata, ban da wuce ta. Kwanakin farko na ashwagandha kada ka hau babur ko ka ja mota da dare sai ka ga yadda take maka.

Tsaya nan take ka nemi likita in idonka ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, jiki na ƙaiƙayi babu ƙuraje, ko gefen dama na ciki na ciwo. Haka in zuciya na bugawa da sauri tare da rawar hannu, zufa da rama, ko ƙafa ta kumbura, ko awon jini ya tashi. In an sa maka ranar tiyata, daina sha mako 2 kafin ranar kuma ka sanar da masu aikin. Mace da ta ga batan wata ta ajiye a ranar.

A ƙarshen mako na 8 buɗe littafin ka kwatanta makin farko da na yanzu. In babu bambancin da ya kai a faɗa, ajiye, kada ka koma neman wani tsiron, koma wurin likita a faɗaɗa bincike. In ka ga amfani, kada ka zarce wata 3 a jere, domin bayanan da ake da su kan amincin ashwagandha iyakarsu ke nan. Huta wata guda kana ci gaba da rubuta maki. In jiki ya tsaya daidai ba tare da ita ba, ba sai ka koma ba.

Wanda gwaji ya tabbatar masa da gazawar adirinal kuwa, tsarinsa daban ne. Hydrocortisone zai riƙa sha kullum yadda likita ya raba masa, kaso mafi yawa da safe, wasu kuma a haɗa musu da fludrocortisone. Ya nemi likita ya rubuta masa ƙa'idar ranar rashin lafiya, domin in zazzaɓi ya kama ana ninka maganin, in kuma amai ya hana shi zama a ciki allura ake yi ba tare da jinkiri ba. Ya riƙa yawo da kati a aljihu mai ɗauke da sunan cutar da maganin, matarsa ko mijinta ko babban ɗa su san inda allurar gaggawa take da yadda ake yinta. Kafin azumi da kafin tafiya aikin Hajji ya zauna da likitansa tun da sauran makonni, a duba ko jikinsa zai ɗauka, a kuma tsara masa lokutan sha da adadin da zai tafi da shi.